Rasuwar Ladidi, Motar Malam Mati, a Ƙofar Gidan Yayansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗu da suka gaji da turi, iyalan marigayi Malam Hadi na Kafin Gawo suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masu awo na kasuwar Dawanau, da duk wanda ya taɓa dafa bayanta ya ce bismillah a tura, rasuwar Ladidi, motar Malam Mati ɗan Malam Hadi. Ta ce ga garinku nan ranar Alhamis da ta wuce, ana dab da kiran azahar, bayan doguwar jinya. Ta cika a gefen titi, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Malam Abdulmumini, yayan mai ita, da buhunan wake a bayanta da ba ta samu ta kai ba. Allah Ya sa hakan shi ne mafi alheri, domin mu dai mun gaji.

Babu wanda ya san shekarunta. Da tsufanta ta shigo ƙasar nan daga wata ƙasa mai sanyi, kuma dillalin da ya kawo ta ya rantse cewa wata tsohuwa ce ta riƙe ta, ba ta zuwa ko'ina da ita sai asibiti. Haka dillalai suke faɗa a kan kowace mota, har mutum ya fara tausayin tsofaffin ƙasar nan da ba sa rabuwa da ciwo. Ranar Lahadi ta iso hannun Malam Mati, shi ya sa matarsa Fadima ta raɗa mata Ladidi. A takarda an rubuta ruwan toka ce. A ido kuwa, tun shekarar farko ta koma launin hanyar da take bi.

Ba a so a tono tsohon zance a sanarwar rasuwa, amma wanda bai san yadda aka same ta ba ba zai gane yadda aka rasa ta ba. A Kafin Gawo ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Mutum zai tsaya a tsakiyar gonarsa ya miƙa wa maƙwabcinsa goro ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Saboda haka tun kaka da kakanni gona ba ta fita dangi sai an fara tallata wa dangi, sun ce da bakinsu ba za su iya ba. Malam Mati ya san wannan sarai. Amma ya san kuma idan ya je wa yayansa da maganar, cewa zai yi a jira kaka, ita kuwa mota ba ta jiran kaka. Sai ya ɗauki rabonsa na gado, wanda ke manne da na yayansa, har da ɗorawar da mahaifinsu yake hutawa a gindinta, ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga birni. Malam Abdulmumini bai ji labari ba sai da ya fita da fartanya ya tarar da baƙi suna kafa bulo a kan iyaka.

Da yamma Malam Mati ya shigo gari da Ladidi, yara suna bin ta da gudu. Yayansa bai ɗaga murya ba. Ya dubi motar, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Ka cinye gonar Baba ka sayi ƙarfe. To, ka riƙe ƙarfen, shi ne ɗan'uwanka." Daga nan magana ta yanke a tsakaninsu. Malam Mati ya kwashe iyalinsa ya koma Minjibir, shekaru suka yi ta wucewa. Idan suna ya haɗa su, wannan ya zauna gabas wancan yamma. Idan jana'iza ce, kowa ya nemi nasa ƙarshen sahun. Liman ya yi wa'azi a kan gaba har muryarsa ta dushe, su biyun suna gyaɗa kai, kowa yana ganin da ɗaya ake. Ƙanwarsu Aina'u, wadda aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, ta kashe takalma ba adadi tsakanin gidajen biyu, ba ta samo komai ba sai ciwon gwiwa.

Ita dai marigayiya ba ta da laifi a wannan, kuma wajibi ne a faɗi alherinta. Ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba. Ta ɗauki gero, ta ɗauki dawa, ta ɗauki gyaɗa da wake daga ƙauyukan Minjibir zuwa Dawanau har bayanta ya kusa shafar ƙasa. Da rani ta je lambunan Watari ta kwaso tumatir da albasa, ta dawo tana wari kwana da kwanaki, ba ta yi ƙorafi ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare ɗakinsu da gado a kanta, ta taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a kujerar baya. Kowa a unguwar ya san muryarta ta safe: kir-kir-kir-ɓurum, sannan ta ɗan yi tari sau biyu ta daidaita. Ƙofar direba tana cewa ƙiii idan an buɗe, ta gefe kuwa ba ta cewa komai domin ba ta buɗuwa sai daga waje. Hon ɗinta kamar akuya mai mura. Da kuɗin ɗaukar kayanta aka ci aka sha a gidan Malam Mati, aka yi wa yara ɗinki, kuma shi kansa yana son ta irin son da mutum yake yi wa abin da ya saya da tsada fiye da kima, wanda ba shi da damar ya ce ya yi nadama.

Abu ɗaya ne ya dame shi a tafiyarsu. Daga Minjibir zuwa Dawanau, ta hanyar da yake bi yana tsintar kaya, babu yadda za a kauce wa Kafin Gawo, kuma gidan gado, inda yayansa yake zaune, yana bakin titi. Duk Alhamis Malam Abdulmumini yana nan a ƙarƙashin darbejiya yana tufkar igiya. Da sun doso, Malam Mati ya sandare wuya, ya kafa ido a kan titi, ya taka mota. Shi ma yayan ya sunkuyar da kai a kan ramarsa kamar yau ya fara ganin ta. Haka suka yi ta yi, har abin ya zame musu wata irin gaisuwa.

Ciwon ajalin ya faro ne a hankali. Da farko nauyin tashi ta fara yi da safe, kir-kir-kir ɗin ya yi tsawo kafin ɓurum ya zo. Daga baya ta fara fizga a kan hanya. Sai wata Alhamis, tana tafe lafiya lau da buhunan dawa, ta ɗauke numfashi ɗif, ta gangara da kanta ta tsaya. Ba ta tsaya a daji ba, ba ta tsaya a gaban masallaci ba. Ta tsaya daidai ƙofar gidan Malam Abdulmumini, kusa har ana jin ƙamshin ramar da yake tufka. Malam Mati ya murɗa makulli. Kir-kir-kir. Ya sake murɗawa. Kir-kir-kir, babu ɓurum. Ya zauna a ciki da gilashi a rufe, gumi yana bin bayansa, ya gwammace ya dahu da ya fito. Can bayan wani lokaci ya sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba.

Ya ce tsautsayi ne. Alhamis ta zagayo, ta sake mutuwa a nan. Ta gaba ma haka.

Kafin wata ya ƙare kowa ya zama likita. Wasu suka ce bakin yaya ne ya kama ta. Tsofaffin mata suka ce gonar ce take kiran kuɗinta. Wani ya ce darbejiyar ce ba a banza take ba. Fadima ta karɓo rubutu ta yayyafa mata a goshi, a ɓoye, don kada mijinta ya ce ta mai da motarsa marar lafiya. Makanikai kuwa kowa da nasa hukuncin. Na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce wanda ya canza fulogi bai san aiki ba, ya canza kwayil mai ba fulogin wuta. Na uku ya sauke tanki ya sa sabon famfon mai, da ba ta daina ba ya ce famfon jabu ne, ya sake wani. Aka wanke nozul mai fesa mai. Aka cire wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwa da aka ce don ƙasar sanyi aka yi shi. Duk wanda ya taɓa ta sai ya tayar da ita a garejinsa, ta yi ta kaɗawa lafiya, ya ce, "Ka ji ta? Shi ke nan." A gaban likita ba ta taɓa nuna ciwo ba, sai ta bari an yi mata lodi, ta yi tafiya, jikinta ya ɗau zafi, ta iso Kafin Gawo.

Wata rana tana kwance a wurin nata, wani direban babbar mota ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Malam, zafi ne, kwara mata ruwa." Ya wuce abinsa. Malam Mati ba shi da ko kofi. Ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon inji kamar kallon zai sanyaya shi. Ga rijiyar mahaifinsa a bayan katanga, wadda da hannunsa ya sha yashe ta, amma ya gwammace ya kwana a nan da ya buɗe baki. Malam Abdulmumini ya ajiye igiyarsa, ya miƙe da ƙyar, domin shi ma ƙugu ya fara ba shi labari, ya shiga gida. Ya fito da bokiti, ya dire a bakin titi, bai kalli kowa ba, ya koma tabarmarsa. Malam Mati ya daɗe yana kallon bokitin. Sannan ya ɗauka ya kwara wa injin, tururi ya tashi fuuu, ya murɗa makulli, ta amsa nan take. Ya mayar da bokitin inda ya gan shi. Babu wanda ya ce na gode, babu wanda ya ce ba komai.

Alhamis ta gaba, tun kafin su iso bokitin yana bakin titi a cike. Bayan nan sai aka ga randa ta bayyana a gindin darbejiya, an binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai, da moɗa a kai. Malam Abdulmumini ya ce sadaka ce ga masu wucewa. Allah Ya karɓa. Amma mutanen gari sun lura cewa ranar Alhamis kaɗai yake cika ta da kansa tun da asuba, kuma ranar ba ya son yara su dame ta. Shi ma Malam Mati ya ƙirƙiro wani ilimi da babu makanikin da ya koya masa, wai dole a bar ruwan ya ratsa ta kafin a tayar. Sai ya kwara, ya samu saiwar bishiya ya zauna, bayansa ga yayansa.

A nan ne aka fara magana, idan za a kira ta magana. Malam Abdulmumini ya dubi reshen darbejiya ya ce, "An ce wake ya tashi a Dawanau." Malam Mati ya dubi tayar baya ya ce, "Ya ɗan sauko." Wata Alhamis ɗin aka gaya wa bishiya cewa Kaltum, matar gidan, ta kwana da zazzaɓi, aka gaya wa taya cewa Allah Ya sawwaƙe. Sati na gaba aka ga ƙullin magani a kan murfin randa, babu wanda ya ce shi ya ajiye. Da haka darbejiya da taya suka san labarin gidajen biyu kaf, wa ya haihu, wa ya yaye, wane rago ne ya ƙi cin dusa. Sunan juna dai ba su kira ba, kuma gona ba a ambace ta ba.

Ana cikin haka aka ba Malam Mati labarin Kamaruddeen, mai gyaran wutar mota da ke bayan tashar Minjibir, wanda ke da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damun ta. Fadima ce ta matsa, domin ta gaji da wake yana isa kasuwa bayan an gama ciniki. Kamaruddeen ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta dannawa, sannan ya ce, "Baba Mati, motarka tana da ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar tana da 'yan rahoto biyu, sansa ake ce musu. Ɗaya yana sama a kan kamshaf, sandar da ke juyawa a kan inji, yana gaya mata wane silinda ne layi ya zo kansa. Ɗayan yana can ƙasa a jikin karanshaf, babbar sandar gindin inji, yana gaya mata inji yana juyawa, ga kuma inda ya kai. Na'ura ta ce bakinsu bai zo ɗaya ba. Amma ba ta ce ga mai laifi ba." Malam Mati ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Aka canza na sama, domin shi ne hannu ya fi saurin kaiwa, kuma nauyin tashin safe ya fi kama da aikinsa. Da gaske safiyarta ta ɗan gyaru. Alhamis ta zo, ta mutu a Kafin Gawo kamar yadda ta saba.

Kamaruddeen mutum ne da ba ya son mota ta ƙaryata shi. Ya ce ciwon da ba ya zuwa gareji, shi zai je ya same shi. Ya rufe shagonsa ya shiga gaba, aka yi lodi, aka kama hanya. Tana ɗauke numfashi ya ce kada a taɓa ruwa. Ya ce Malam Mati ya murɗa makulli, shi kuma ya zuba ido a kan allurar da ke nuna juyin inji. Inji yana kir-kir-kir, allura tana kwance ko motsi ba ta yi. Ya zare wayar fulogi ya gwada, babu wuta. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta da mitarsa ta auna wuta, ya auna sansan ƙasa yana da zafi, ya samu shiru kamar an yanke waya. Ya jira ya huce, ya sake aunawa, ya dawo daidai. Ya fito yana karkaɗe riga.

"Ga shi nan, Baba Mati. Na ƙasan ne. Wayar da ke cikinsa ta gaji, idan ta ji zafi sai ta saki, idan ta huce ta kama. Da ya yi shiru, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka inji ya tsaya, ta hana wuta ta hana mai. Daga Minjibir zuwa nan da kaya a bayanta, daidai zafin da yake buƙata ke nan. Ba baki ba ne, ba bishiya ba ce." Ya dubi randar, ya dubi bokitin, ya ƙara da cewa, "Wannan ruwan kuwa ku daina. Yana gangarawa ya sanyaya sansan, shi ya sa take tashi. Amma ƙarfe mai zafi ba ya son ruwan randa. Wata rana zai tsage."

Malam Abdulmumini yana tabarmarsa, amma kunnensa ya yi nauyi a 'yan shekarun nan, kuma ba ya sauraron maganar da ba da bishiya ake yi ba. Bai ji ba.

Kafin azumi Kamaruddeen ya samo sabon sansan daga birni, ɗan baƙin abu da bai wuce babban yatsa ba, a cikin ledarsa. Ya ce a shigo da ita yanzu a ɗaura, aikin bai kai a sha shayi a gama ba. Malam Mati ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannu. Ya ce yau akwai kaya, sai wani satin. Wani satin ya ce ana azumi, kada a wahalar da mai gyara. Bayan salla ya ce bari a gama kwashe wake. Fadima ta tsince shi a aljihun rigarsa za ta yi wanki, ta ce, "Malam, wannan kuma layar mece ce?" Ya ce, "Ajiye min." Ta dube shi, ta mayar masa aljihun wata rigar. Ta san mijinta. Idan motar ta warke, ranar Alhamis zai sandare wuya ya wuce kamar da, domin ba shi da fuskar da zai taka birki da ƙafarsa a ƙofar gidan nan. Shi mutum ne da zai iya tura mota daga nan har Dawanau, amma ba zai iya cewa Yaya ka yafe mini ba.

Haka Ladidi ta ci gaba da suma duk mako da maganinta a aljihun mai ita.

Ranar da rai ya yi halinsa, bazara ta kai maƙura, irin zafin da kaji suke buɗe baki. An yi mata lodin wake fiye da na kullum. Ta iso Kafin Gawo tana huci, ta tsaya a wurinta. A ranar, Malam Abdulmumini ya naɗe randar da jiƙaƙƙen buhu tun safe, ruwan ya yi sanyin da ke kama haƙori. Malam Mati ya buɗe bonet, ya juya zai ɗauko bokiti, sai ya ga yayansa ya riga ya ɗauko, yana tahowa da shi yana ɗingishi. Tun ranar da ta shigo gari bai taɓa matsowa kusa da ita ba. Malam Mati ya san abin da Kamaruddeen ya ce. Ya ga yadda injin yake rawa da zafi. Ya buɗe baki zai ce a dakata, sai ya ga tsohon ya dafa gefen motar da hannu ɗaya don ya samu ƙarfin ɗagawa, sai Malam Mati ya matsa ya ba shi wuri. Malam Abdulmumini ya juye bokitin gaba ɗaya.

Ta ce fuuu, sannan daga can ciki ta ce ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara. Aka murɗa makulli. Ta tashi, Allah Ya sani ta yi ƙoƙari, ta fitar da farin hayaƙi ta baya, ta ce tuf, tuf, ta yi wata girgiza, ta yi shiru. Aka sake murɗawa, ko kir ɗin ba ta iya ba.

Kamaruddeen ya zo a kan babur bayan azahar. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ga ya koma kamar shayi da madara. Ya ce kan injin ya tsage, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ya lanƙwasa abin da ke ciki, kuma a shekarunta ba a yi mata irin wannan aikin. Ya goge hannu, ransa a ɓace, ya ce, "Baba Mati, ina sansan da na ba ka?" Malam Mati ya sa hannu a aljihu ya fito da shi, yana nan a ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Malam Abdulmumini ya matso ya ce mene ne wannan. Kamaruddeen ya ɗaga murya don ya ji, ya ce, "Maganin ciwonta ne, Baba. Tun kafin azumi yake hannunsa. Da an ɗaura, da ba ta ƙara tsayawa a nan ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon ledar. Ya kalli randarsa. Sannan ya ce, "Mati."

"Na'am, Yaya."

"Rana ta yi yawa. Shigo zaure."

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, babu biyu da suka haɗa uba, da ta biyar a but wadda ta riga ta rasuwa da daɗewa. Ta bar batir mai sauran ƙarfi, da jak na aro da har yanzu ba a tuna mai shi ba. Ta bar famfon mai biyu masu lafiya da aka cire bisa zalunci, da tsohon sansan sama wanda aka kora daga aiki a kan laifin ɗan'uwansa. Ta bar sabon sansa guda, maraya, bai taɓa shiga jikinta ba. Ta bar masu turi da yawa a kan hanyar Dawanau, waɗanda muke roƙon su yafe mata. Ta kuma bar Malam Mati, wanda yanzu ba shi da mota kuma ba shi da gona, domin wanda ya saya ya kewaye ta da bulo tuntuni, ɗorawar ma an sare ta an yi turame. Wannan ba ya gyaruwa, kuma su biyun sun sani. An ji Malam Mati a zaure yana kuka irin na manya, marar sauti, kuma ba duka kukan ne na mota ba.

Game da jana'iza, an tambayi liman. Ya ce babu laifi a yi innalillahi a kan asarar dukiya, amma kada wanda ya kuskura ya ce zai yi mata salla. Washegarin rasuwar 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka iso, domin su ba a aika musu, da kansu suke jin labari. Suka zagaya ta suna ƙwanƙwasa, suka ce za su yanka ta su kwashe a ranar. Malam Mati ya gaji, ya ce su ɗauka. Malam Abdulmumini ne ya fito daga zaure da sandarsa ya ce babu mai taɓa ta, a ƙofar gidansa ta mutu. Ƙanen ya ce, "Yaya, ƙarfe ne fa, kai ka faɗa. Tare maka ƙofa kawai za ta yi." Tsohon bai dube shi ba, darbejiya ya duba, ya ce, "Bar ta nan. Idan aka ɗauke ta, me zai kawo ka?"

Saboda haka za a kwantar da Ladidi a inda ta faɗi. Ranar Asabar bayan la'asar za a cire mata tayoyi a ɗora ta a kan duwatsu, a ɗan matsar da ita daga bakin titi, kuma wannan ne turi na ƙarshe da za a roƙi jama'a. Ba a buƙatar makaniki, ba a buƙatar shawara, kuma don Allah kada kowa ya zo da ruwa. Awaki suna da izinin inuwarta. Ana karɓar gaisuwa a zauren Malam Abdulmumini da ke Kafin Gawo, duk ranar Alhamis daga hantsi. Malam Mati zai riƙa zuwa a motar haya, kuma ya riga ya gaya wa direban da bakinsa inda zai tsaya.